Ƙwallon masu zuwa aiki da safe: shekaruna tare da ƙungiyar Calais

Ni haifaffen Damagaram ne, kuma har na cika shekara 24 a duniya ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Isa na Yamai faɗi ba. A watan Satumba na 1999 na sauka a Calais, wani gari da ke bakin teku a can ƙuryar arewacin Faransa, domin ci gaba da karatu a Jami'ar Littoral, wadda ke da rassa a garin da kuma Dunkerque da Boulogne da Saint-Omer. Masu garin suna furta sunansa kamar Kale. Daga gaɓarsa zuwa Dover ta Ingila kimanin kilomita 40 ne, har idan sararin sama ya washe mutum yana iya hango fararen duwatsun wancan ƙetaren. Jiragen ruwa ba sa daina shiga da fita dare da rana, ga kuma hanyar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, amma duk wannan zirga-zirga ta masu wucewa ce. Mutanen garin kansu talakawa ne 'yan ƙwadago, kuma a lokacin da na zo aikin yana ta ƙaranci a hannunsu.

Kuɗin tallafin karatun da aka yi mini alkawari daga gida bai zo ba sai bayan watanni, kuma tun da aka karya darajar sefa a 1994, jika goman da mahaifina zai iya aikowa faran 100 ce kacal ta Faransa. Wannan ne ya sa na bar neman ɗakin ɗalibai na kama wani ɗan ƙaramin ɗaki a saman gidan wani tsoho da matarsa a unguwar Saint-Pierre, na kuma samu aikin dare na ɗaukar kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Tsohon ya yi ritaya ne daga masaƙar leshi. Da ya faɗa mini haka sai na yi dariya, domin ban taɓa kawo wa raina cewa leshin da iyayenmu mata ke adanawa a ƙasan akwati don ranar biki yana da garuruwan da aka gina a kansa ba. Ya bayyana mini cewa masaƙa daga Nottingham ta Ingila ne suka yi fasa-ƙwaurin injinan saƙa zuwa Calais a 1816, cewa unguwar da muke ciki leshi ne ya raya ta, kuma kunnensa na hagu ya mutu ne saboda ƙarar waɗannan injuna. Tun makon farko na soma kiransa Baba, domin bakina ya kasa kiran dattijo mai furfura da sunansa. Ya tambaye ni ma'anar kalmar, na faɗa masa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ba laifi.

Shi ne ya kai ni kallon ƙwallo. Wata Asabar da yamma a watan Oktoba ya hau bene ya same ni a kwance da rigar sanyi biyu, ya ce: “Tashi, yaro, ɗakin nan ba zai yi maka ɗumi ba, gara ka ji sanyin a cikin mutane.” Muka taka da ƙafa zuwa filin wasa na Julien-Denis, tsohon fili mai ƙananan rumfuna, wanda aka sa wa sunan wani ɗan wasan garin da ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ruwan sama yana zuwa ne a karkace daga wajen teku. 'Yan kallo ba su wuce wasu ɗaruruwa ba, kusan kowa ya san kowa, kuma wata mata mai sayar da soyayyen dankali da gahawa a bakin ƙofa tana kiran masu saye da sunayensu. Na girma ina kallon wasannin unguwa a kan rairayi, na kuma ga manyan ƙungiyoyin Yamai a filin Seyni Kountché, saboda haka na zo Turai da zaton cewa ƙwallonsu duka irin wanda ake nunawa a talabijin ne. Abin da na tarar ya fi kama da na gida: ihu, zolaya, da wani dattijo a bayanmu da bai daina koya wa alƙalin wasa aikinsa ba tun daga farko har ƙarshe.

Cikakken sunan ƙungiyar shi ne Calais Racing Union Football Club, mutanen gari kuma suna taƙaita shi zuwa CRUFC. A lokacin tana rukuni na huɗu na ƙwallon Faransa, wanda ake kira CFA, wato babban matakin waɗanda ƙwallo ba ita ce sana'arsu ba. Baba ya riƙa nuna mini 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin abin da kowa ke yi da rana: wannan yana aikin sito kamar ni, wancan yana kula da yara a cibiyar matasa, wani yana tallan kayan kamfani, wani kuma ma'aikacin hukumar gari ne. Da yamma bayan an tashi aiki suke atisaye. Mai horar da su, Ladislas Lozano, haifaffen Sifaniya ne da ya tashi a Faransa, mutum mai tsanani wanda ake jin muryarsa daga kowace kusurwa ta filin. Ya kamata in faɗi wani abu a nan, domin daga baya jaridu sun zuzuta lamarin har ka ɗauka masunta ne aka kwaso daga kwalekwale aka ba su ƙwallo. Ba haka ba ne. Da yawa daga cikinsu sun yi horo tun suna yara a makarantun ƙwallo na manyan ƙungiyoyi, aka sallame su ba tare da kwantiragi ba, suka dawo suka nemi aikin yi. Sun iya ƙwallo, kuma kowannensu yana ɗauke da tabon wata ƙofa da aka taɓa rufe masa.

Tarihin ƙungiyar a bakin Baba na ji shi, a kan teburin cin abinci, kuma bai taɓa ba da shi ba tare da ɗaukar ɓangare ba. Asalinta ƙungiyoyi biyu ne. Racing Club de Calais ita ce babba, an kafa ta a 1902, masu rigar rawaya da baƙi, kuma a shekarun 1930 ta ɗan taɓa wasan ƙwararru kafin rashin kuɗi ya mayar da ita inda ta fito. Ɗayar kuma, Union Sportive, ta taso ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake sake gina garin da bama-bamai suka ragargaza. A 1974 aka haɗe su wuri ɗaya, aka gauraya launukansu, rawaya da ja da baƙi. Baba ɗan Racing ne tun yana riƙe da hannun mahaifinsa, kuma shekara 25 bayan haɗewar har yanzu yana iya nuna maka wani tsoho a rumfa ya ce wancan mutumin Union ne, da irin muryar da ake faɗin cewa wane baƙo ne a gari alhali kakansa ma a nan aka haife shi. Duk da haka tare suke zama, tare suke sayar da tikitin caca ta tara wa ƙungiyar yara kuɗin mota, matansu kuma tare suka sha wanke rigunan 'yan wasa a shekarun baya.

Kafin ƙarshen Nuwamba na zama ɗan hannu. Ina taya ɗaukar akwatunan lemo, ina taya tsofaffi naɗe tutoci bayan wasa. Ba kowa ne ya yi maraba da ni ba. A watannin nan ne aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Sangatte a gefen gari, tituna cike da mutanen Kosovo da Kurdawa da 'yan Afganistan masu neman tsallakawa Ingila, kuma sau da dama an tare ni a hanyar dawowa daga aikin dare ana tambayar takarduna. Wata rana a filin wasa wani mutum ya jefo mini magana mara daɗi. Ban kai ga buɗe baki ba Baba ya juya ya ce masa: “Wannan yaron gidana ne, kuma ya fi ka zuwa filin nan a bana.” Aka yi dariya, maganar ta mutu. Da azumi ya kama a Disamba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, matar nan mai dankali ta lura ba na sayen komai sai duhu ya shiga, ta tambayi dalili, daga ranar kuma take ware mini nawa a gefe, nesa da naman aladen da take soya wa sauran.

Gasar Kofin Faransa ba ta da tamka a yadda aka tsara ta. Tun 1917 ake yin ta, kuma kowace ƙungiya mai rajista tana da damar shiga, daga ta ƙauye mai gida ɗari har zuwa zakarun ƙasa, har da na tsibiran Faransa na ƙetare. Dubban ƙungiyoyi ne ke farawa, wasa ɗaya ake yi, wanda ya faɗi ya tafi gida, manyan kuma a wancan lokaci ba sa shigowa sai a watan Janairu. Calais ta fara da cin wata ƙungiyar ƙauye, Campagne-lès-Hesdin, 10 da nema, ta wuce wasu zagaye uku da ƙananan maƙwabta, sannan ta lallasa Dunkerque da ci 4 ba ko ɗaya. Wannan na ƙarshen ya fi faranta wa tsofaffin rai fiye da kima, domin tsakanin garuruwan biyu na bakin teku akwai irin abin da ke tsakanin Katsinawa da Gobirawa. Da a nan tafiyar ta tsaya ma, da Baba ya ce shekara ta yi kyau.

Ranar 22 ga Janairu na 2000 aka haɗa mu da Lille, babban birnin yankin, wadda ke jan ragamar rukuni na biyu a ƙarƙashin Vahid Halilhodžić, kuma a ƙarshen kakar ita ce ta lashe rukunin. Aka tashi 1 da 1 har bayan ƙarin lokaci, aka je bugun fenariti, Calais ta ci 7 da 6. A daren nan na fara jin kaina ina cewa “mun ci”, ban kuma lura da lokacin da kalmar ta shiga bakina ba. Bayan nan aka cire Langon-Castets da ci 3 da nema, sai Cannes ta rukuni na biyu, a filin Boulogne. Cannes ta zura ƙwallo ana saura 'yan mintuna ƙarin lokaci ya ƙare, mutane har sun soma tattara tutocinsu, sai Christophe Hogard ya farke, mai tsaron gidanmu Cédric Schille kuma ya yi abin da ya dace a bugun fenariti.

Daga nan filinmu ya yi kaɗan, aka mayar da wasannin zuwa filin Bollaert na garin Lens, tafiyar kimanin kilomita 100, wanda ke ɗaukar mutum kusan 40,000. Wasan da Strasbourg ta rukuni na ɗaya ya faɗo ranar Asabar 18 ga Maris, a makon Sallar Layya. Ita ce Sallata ta farko ba a gida ba. Na yi Idi tare da 'yan Aljeriya da Maroko a wani ɗaki, na koma aji, babu rago, babu ƙaurin suya a unguwa, babu yaran da za su zo barka da Sallah. Na kira gida daga rumfar tarho, kuɗin katin ya ƙare kafin mahaifiyata ta gama sa mini albarka. Da wannan zuciyar na shiga motar magoya baya ranar Asabar, matar Baba ta ɗaura mini mayafin wuya mai launin ƙungiya wanda ta saƙa da hannunta, ta ce na Sallah ne, domin ta ji na ce a garinmu ana yi wa yara sabon ɗinki. Strasbourg ta riga mu ci tun farkon wasa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Hogard da Jocelyn Merlen sun juya lissafin ya koma 2 da 1, kuma a haka aka tashi bayan minti 45 da ban taɓa ganin masu tsawonsu ba.

Wasan kusa da na ƙarshe shi ne wanda har gobe nake iya gani idan na rufe ido. Laraba ce, 12 ga Afrilu, abokan karawa kuma Bordeaux, zakarun Faransa na 1999, da Christophe Dugarry wanda ya ɗauki Kofin Duniya shekara biyu kafin nan, da Johan Micoud, da Lilian Laslandes. Na roƙi wani abokin aiki ya karɓar mini aikin dare, na biya shi da dare biyu. Wasu daga cikin 'yan wasanmu ma sai da suka nemi izini a wuraren aikinsu. Minti 90 suka cika babu ci, kuma duk mai hankali ya san cewa a ƙarin lokaci ne ƙafar mai atisaye da yamma take gazawa a gaban wanda ba shi da aiki sai ƙwallo. Abin da ya faru akasin haka ne. Cédric Jandau ya ɗirka wata ƙwallo ta shige raga, Laslandes ya farke, muka ce to, ga gaskiya ta zo. Sai Mathieu Millien ya ƙara, sai Mickaël Gérard ya rufe da ta uku ana dab da tashi. Baba, mutumin da ban taɓa ganin ya rungumi matarsa a gaban mutane ba, ya ƙanƙame ni yana kuka, hularsa ta faɗi ƙarƙashin kujeru ba mu sake ganinta ba. Mun iso Calais cikin tsakar dare muka tarar gari bai kwanta ba, jiragen ruwa suna busa ƙaho daga tasha. Da safe muka ji cewa Lozano ya yanke jiki ya faɗi a daren, an kwantar da shi a asibiti. Ya warke kafin wasan ƙarshe.

Makonni uku da rabi da suka biyo baya garin ya zama wani abu dabam. Ba a taɓa samun ƙungiyar rukuni na huɗu da ta kai wasan ƙarshe na wannan kofi ba, saboda haka 'yan jarida suka cika gari daga ƙasashe daban-daban, suna bin 'yan wasa har wuraren aikinsu domin a ɗauki hotonsu suna tura amalanken kaya. Kowane shago ya yi ado da rawaya da ja da baƙi. Mutanen da ban taɓa gani a Julien-Denis ba suka wayi gari suna ba da labarin yadda suka bi ƙungiyar tun suna yara, abin da ya riƙa ƙona wa tsofaffin rai, musamman da aka zo rabon tikiti. Ni kam ban ga laifinsu ba. Garin da aka saba ambatonsa a labarai saboda rufe masaƙu da rashin aiki da 'yan gudun hijira, yau ana ambatonsa da abin alfahari, wa zai ƙi matsowa?

Ranar Lahadi 7 ga Mayu na 2000 muka kama hanyar Paris cikin jerin motoci da ba a ganin ƙarshensa. Filin Stade de France, inda Faransa ta ci Brazil 3 da nema a 1998, ya ɗauki mutum fiye da 78,000, shugaban ƙasa Jacques Chirac yana cikinsu. Nantes ce ke riƙe da kofin, ko da yake a gasar rukuni tana fama da kanta a shekarar. A minti na 34 Jérôme Dutitre ya ci mana, muka tafi hutu muna gaba. Minti 15 ɗin nan na hutu su ne kaɗai lokacin da na ga Baba ya yarda a ransa cewa abin zai yiwu, domin ya juyo ya tambaye ni da gaske ko ƙungiyar da ta ci kofin nan tana zuwa gasar Turai, na ce masa tana zuwa, ya ce to a wane fili za mu karɓi baƙi. Da dawowa Antoine Sibierski ya farke. Aka yi ta gumurzu har minti na 90, sai Alain Caveglia ya shiga da'irar gidanmu tare da mai tsaron bayanmu Fabrice Baron, ya faɗi, alƙali ya nuna fenariti. Daga inda muke zaune ba mu ga komai ba sai faɗuwar. Na sha kallon hoton daga baya, ra'ayina kuma shi ne an taɓa shi, amma faɗuwar ta fi taɓawar girma. Sibierski ya buga, Schille ya taɓa ƙwallon, ta shige. Baba yana riƙe da wuyan hannuna, sai da na ga shatin yatsunsa washegari.

Abin da ya biyo baya duniya ta gani. Kyaftin ɗin Nantes, mai tsaron gida Mickaël Landreau, wanda bai cika shekara 21 ba, ya kira kyaftin ɗinmu Réginald Becque suka hau tare suka ɗaga kofin. Ni abin ya taɓa ni ƙwarai, na ga karamci ne irin wanda ake yabon mutum da shi har bayan ransa. Baba bai gan shi haka ba. A cikin mota ya ce mini kofin da aka ba ka ka riƙe na minti ɗaya ba naka ba ne, kuma shi ya fi son a ci shi a bar shi da haushinsa da a ci shi a shafa masa kai. Mun yi wannan gardamar ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a shekarun da suka biyo, ba wanda ya ja wani. Washegari ranar hutu ce a Faransa, gari ya fito ya tarbi 'yan wasan a gaban ginin hukumar gari, kusa da gunkin dattawan Calais shida da suka miƙa kansu ga sarkin Ingila a 1347 domin a bar mutanen garin da rai. Bayan kwana biyu kowa ya koma bakin aikinsa, ni ma na koma sito da bashin dare biyu a kaina.

Yawancin masu ba da labarin Calais a nan suke tsayawa, amma ƙungiyar ta rayu shekara 17 bayan wannan dare, kuma ba su kasance masu sauƙi ba. A 2001 ta hau rukuni na uku, Lozano ya tafi Maroko ya karɓi Wydad ta Kasabalanka, shekara ɗaya kacal kuma ta sake faɗowa. Ina nan a lokacin, na ga yadda rumfunan suka koma kamar yadda na same su, da mutanen da na sani da matar nan mai dankali. Abin da ya sauya shi ne buri. Ƙungiyar da ta ɗanɗana Stade de France ba ta ƙara yarda cewa ita ƙarama ce ba, shugabanni da magoya baya duka, har da ni. Kowa yana maganar zama ƙwararru, ana ɗauko 'yan wasa daga nesa waɗanda sai an biya su abin da za su rayu da shi, alhali aljihun garin bai ƙaru da ko kwabo ba.

Na gama karatu na koma gida a 2003. Baba ya riƙa aiko mini da wasiƙa sau uku ko huɗu a shekara, da guntayen jaridar garin, Nord Littoral, waɗanda yake yankowa da almakashin matarsa. Ta haka na san cewa a 2006 sun sake kaiwa zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, Nantes ɗin dai ta sake cire su da ci 1 da nema, kuma a 2007 sun koma rukuni na uku. A 2008 aka buɗe sabon fili mai kujeru kimanin 12,000, aka sa masa suna Stade de l'Épopée, wato filin tunawa da waccan bajinta. A wasiƙar da ya ba ni labarin, Baba ya ce an ɗinka wa yaro rigar ƙato. Shekara ɗaya bayan buɗe filin ƙungiyar ta faɗi daga rukunin, hukumar da ke binciken asusun ƙungiyoyi ta ƙara tura ta ƙasa saboda bashi, kuma ko da ta yi nasara a fili a shekarun da suka biyo, an hana ta hawa saboda takardun kuɗinta.

Sau ɗaya na koma, a wata tafiyar aiki da ta kai ni Paris, na saci kwana biyu na hau jirgin ƙasa zuwa arewa. Baba ya tsufa ƙwarai, sai da muka ɗauki tasi zuwa sabon filin da ke can gefen gari, shi da ya saba zuwa kallo da ƙafa. Fili ne mai kyau, ga rufi ga fitilu, muka zauna mu 'yan ɗaruruwa a rumfa ɗaya muna kallon kujeru dubbai babu kowa a kai, muryar mai horarwa tana dawowa daga bangon da ke fuskantarmu. Dattijon nan mai koya wa alƙali aiki ya rasu. Baba ya yi barci a tsakiyar zagaye na biyu, na gyara masa bargo ban tashe shi ba. Bai kai ga ganin ƙarshen ba, kuma na gode wa Allah da hakan. A 2017 ina zaune a ofis a Damagaram na karanta a intanet cewa kotu ta rushe CRUFC saboda bashin da ta kasa biya. An ci gaba da buga ƙwallo a garin a ƙarƙashin wasu sunaye, kuma a 2023 ƙungiyoyi biyu suka haɗe suka farfaɗo da sunan Racing. Na tabbata da Baba yana raye da ya ce sunan nasu ne tun farko, 'yan Union ne suka ɓata shi.

Mayafin wuyan nan yana nan a wurina, ya koɗe, jan ya koma kamar ƙasa. Idan hunturu ya kankama nakan ɗaura shi da sassafe in je filin unguwa inda yara ke atisaye kafin makaranta, ni ne mai sayen ƙwallo da farar ƙasar shata layi. Yaran duk 'yan Madrid ne da Barcelona da Chelsea. A sanyin bara ɗaya daga cikinsu, mai tsaron gida ɗan shekara 12, ya tambaye ni ko mayafin na Jamus ne ko na Beljiyam. Na zaunar da su a inuwar dalbejiya na ba su labarin tun daga Lille har Paris, suna saurare, wasu suna ƙoƙarin furta sunayen suna dariya. Da na kai ƙarshe yaron ya ce: “To Baba, wa ya ɗauki kofin?” Na ce Nantes, da ci 2 da 1. Ya dube ni, ya dubi mayafin, ya ce ashe ma ba ku ci ba, sannan ya ɗauki safar hannunsa ya koma tsakanin duwatsu biyun da muke yin raga da su.